Farar Motar da Ta Kai Mma Salaga

Yayanmu bai taɓa sayen buhun masara bai zura hannunsa har gindin buhun ba. Zai ɗebo ta ƙasa, ya baza a tafin hannu, ya hura, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya gatsa, sannan ya ce a kwance masa wani buhun. Kasuwar Gushegu da ta Karaga da ta Chereponi duk an san shi da wannan, har mata masu awo in sun hango shi sai su ce ga mai haƙori nan ya iso. Da wannan halin ya yi arziki, ba zan ɓoye ba. Ya gina gida a Yendi, ya je Makka, ya aurar da mu mata bai roƙi kowa ko cokali ba. To da wannan halin ne kuma ya tashi sayen mota, abin da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ni ce auta. Tun da mijina ya rasu na koma gidanmu a Bawku, ina zaune tare da mahaifiyarmu, wadda muke kira Mma. Albasa nake sara ina kaiwa Yendi, saboda haka kusan kowane wata sai na sauka a gidan Yaya.

Mma 'yar Salaga ce, aure ne ya kai ta Bawku. Mutum ɗaya ya rage mata a Salaga, yayarta, wadda kowa ke kira Iya, har ita Mma ɗin. Iya ce ta goye ta bayan uwarsu ta rasu, ita ta koya mata tuƙa tuwo, ita ta raka ta ɗakin miji. Allah bai ba Iya haihuwa ba, don haka da aka yaye Yaya sai aka kai mata shi, yadda ake yi da ɗan fari a gidajen Hausawan da. A hannunta ya girma. Ita kuwa Mma, kunyar ɗan fari ta riƙe ta gam har tsufanta. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta taɓa buɗe baki ta ce ya yi mata abu kaza ba. In ya zama dole ta ambace shi sai ta ce mutumin Yendi. Maƙwabtanmu Mosawa da Kusasawa dariya suke yi mata, yaran zango, unguwar Hausawa, na yanzu kuwa ba su ma san ana yin haka ba. Mu dai mun tashi mun tarar, kuma ni ce ɗan aike a tsakaninsu tun ina ƙarama.

Duk shekara in an gama girbi Mma takan hau motar haya ta tafi Salaga ta yi wa Iya kwanaki. Su kwana ɗaki ɗaya, su ci a kwano ɗaya, su yi ta gulmar mutanen da suka daɗe a kabari. Sai ciwon ƙugu ya kama Mma. Tafiyar ƙarshe da ta yi, an cusa su ne a bas kamar buhunan gawayi, ga rami ga gargada, ta dawo sai da aka ɗauko ta daga tasha a kan babur mai ƙafa uku. Ta daɗe a kwance. Likita ya ce irin wannan zaman ya ƙare mata. Iya kuma ta girme ta nesa ba kusa ba, ko kasuwar Salaga ta daina zuwa. Ga shi kunnenta ya yi nauyi, in an haɗa su a waya sai ihu, wannan ta ce gabas waccan ta amsa yamma, a ƙarshe Mma ta miƙo mini wayar ta juya fuskarta bango.

Ranar Babbar Sallah Yaya ya zo Bawku da iyalinsa. Tsakar gida cike da mutane ana suyar nama. Ya tsuguna a bakin ƙofar Mma daga waje, yadda ya saba, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce in Allah ya yarda Mma ta gama shiga motar haya. Zai sayi mota mai tsayi, mai laushin kujera, shi da kansa zai tuƙa ta ya sauke ta a ƙofar Iya. Mata suka rangaɗa guɗa. Mma tana ciki, na ga ta jawo bakin mayafi ta rufe bakinta, na kuwa san murmushi take ɓoyewa. Kafin magariba ta sa na sauko mata da akwatinta, ta ware abin da za ta kai wa Iya ta ɗaure a ɗankwali.

Irin motocin nan yake so da suka cika gari yanzu, su ba manyan jif ba, su ba ƙananan motoci ba, suna da ɗan tsayi daga ƙasa amma ba sa shan mai kamar manyan. Yana da hujja. Wanda ya san hanyar nan daga Bawku, ka gangara dutsen Nakpanduri, ka bi ta Gushegu ka faɗa Yendi, ka wuce Bimbila ka nufi Salaga, ya san akwai wuraren da ƙaramar mota za ta bar cikinta a ƙasa. Har nan babu wanda ya yi masa musu.

Guda uku suka shiga ransa. Biyu ya gan su a garejin wani dillali a Tamale. Ta farko fara ce, 'yar Japan, an yi amfani da ita a ƙasar waje kafin a kawo ta, irin wadda muke ce wa homyus. Ta fi ɗayar shekaru kuma ta fi ta tsada, abin da ya tsaya masa a wuya ke nan. Cikinta babu wani ƙyale-ƙyale. Amma an ce masa duk bakaniken da ke zaune a gindin bishiya daga Bawku har Kumasi ya san hanjinta, kayan gyaranta ko a Tamale sai ka zaɓa, in kuma ka tashi sayarwa mai saye ne zai biyo ka har gida. Ta biyu mai ruwan toka ce, 'yar Koriya, ta fi ƙuruciya, kujerunta na fata, da ɗan allo a gaba da ke nuna maka abin da ke bayanka, kuɗinta kuma bai kai na farar ba. Sai dai masu magana sun ce darajarta saurin zubewa take yi, wasu kuma suka ce ƙafafunta ba sa son hanyoyinmu. Ta uku ja ce, 'yar China, ya gan ta a hannun wani abokinsa dillalin shanu. Sabuwa dal ake sayar da ita a Accra, da ledarta a kujeru, da alkawarin gyara kyauta na wani lokaci, kuɗinta kuma dab da na farar. Aibinta ɗaya, babu wanda ya taɓa ganin tsufanta.

Wata rana na kai albasa Yendi, sai ya ce in shirya mu je Tamale. Na ɗauka shawarata yake nema, har na ji daɗi. Ashe don jikina ɗaya da na Mma ne, tsawonmu ɗaya, ƙibarmu ɗaya. A gaban dillalai ya sa ni hawa kujerar baya, in sauka, in sake hawa, in miƙe ƙafa, in jingina, in yi kamar ƙuguna yana ciwo. Babbar mace da ni, ina ɗingishin ƙarya a garejin mutane. Na yi, don Mma. Na gaya masa gaskiya, mai ruwan tokar ta fi sauƙin hawa, kujerarta ta fi laushi, amma farar ma ba laifi. Na ce ya rufe ido ya ɗauki ɗaya yau mu juya da ita.

Ya dube ni kamar na ce ya zuba masararsa a rafi. Ya ce ni kujera kawai nake gani, shi kuwa shekara goma yake hange. Mota ba zane ba ce da za a saya don Sallah ɗaya. In ya sayi mai ruwan toka, bayan shekara goma nawa za ta yi? In ya sayi ja, ranar da wani ƙarfe ya karye a Chereponi wa zai je masa Accra?

Na ce, "Yaya, ita Iya shekara goma gare ta?"

Ya ce in iya bakina, rai a hannun Allah yake. Daga nan bai sake yi mini magana ba har muka koma Yendi.

A ranar ne na ga kuskurensa da idona, ko da yake a lokacin ban gane girmansa ba. Da dillalin ya faɗi kuɗin farar, Yaya ya yi tayi, dillalin ya ce albarka, sai Yaya ya kaɗe rigarsa ya juya ya kama hanyar ƙofa a hankali. Haka yake yi a kasuwar hatsi. Yana tafiya yana kasa kunne, don ya san kafin ya kai bakin rumfa mai masara zai biyo shi da gudu. To mai masara yana tsoron ƙwari, yana tsoron ruwa ya taɓa buhu, ga kuɗin makarantar yara yana jiransa. Mai mota ba ya tsoron komai. Motarsa tana nan a tsaye, darajar sidi, kuɗin ƙasarmu, tana faɗuwa, kullum gari ya waye kuɗinta ƙaruwa yake yi. Muka kai ƙofa, muka tsaya a bakin titi, Yaya yana gyara hula yana waige. Dillalin ya riga ya koma kan bencinsa yana danna waya.

Haka aka shiga damina. Yaya ya zama malamin mota. In ka zauna da shi minti kaɗan sai ka ji wadda ta fi shan mai a hawan dutse, da wadda giyarta ke jure zafi, da wadda fentinta ke ƙonewa a rana. A ƙofar masallaci bayan la'asar kowa da fatawarsa, har waɗanda ko keke ba su da shi. Yana da wani bakanike a Yendi da ya ɗauka kamar waliyyi, alhali mutumin nan bakinsa yana bin wanda ya saya masa shayi ne. Yau ya ce babu kamar 'yar Japan, gobe ya ga abokin Yaya da jar motarsa ya ce ai zamani ya wuce wurin. Yaya ya koma Tamale ya tarar an ƙara kuɗi, ya yi fushi ya dawo. Ya sake komawa ya tarar an sayar da farar. Sai a ranar ya tabbata ita yake so, ya ce kuma ba zai karɓi wata ba sai irinta, sai a jira jirgin ruwa ya sauke motoci a tashar Tema.

Ana cikin haka labarin Salaga ya fara canzawa. Mai kula da Iya matar ɗan mijinta ce, Amarya muke ce mata ko da yake ta aurar da 'ya. Ita ke kirana. Da farko abin dariya take ba ni: Iya ta zuba gishiri a koko, Iya ta yi sallar azahar sau biyu ta ce ba ta yi ba. Daga baya dariyar ta ɗauke. An tsinci Iya a bakin wata tsohuwar rijiya can bayan gari, ta ce gidan ubansu take nema, gidan da ya rushe tun kafin a haife ni. Amma Amarya ta ce da safe garau take tashi, ta san kowa, kuma ba ta da magana sai ta Mma. Ta ce mini, in za ku zo ku zo yanzu.

Ban ɓoye wa Mma ba. Ta saurara har na gama, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ɗauki carbinta. Na ce akwai wani mutum a unguwarmu mai mota mai kyau, yana ɗaukar shata, ni zan biya da kuɗin albasata, mu kwantar da kujera mu tafi a hankali. Ta ajiye carbin. Sannan ta ce, bayan ya faɗa a gaban mutane? So kike a ce ya kasa? Ta ce ko da rarrafe za ta iya zuwa Salaga ba za ta je ba, tunda mutumin Yendi ya ce shi zai kai ta. Na ce to ta kira shi ta ce ya hanzarta. Ta kalle ni kamar na ce ta fita kasuwa ba zane.

Na tafi Yendi a fusace. Na same shi a shagonsa ana auna waken suya. Na gaya masa duk abin da Amarya ta ce. Ya ce tsufa ne, Iya ƙarfe ce, shi ya san ta fiye da kowa. Ya tambaye ni ko Mma ce ta aiko ni. Na ce e, ita ce, ta ce ka yi sauri. Ƙarya na yi, kuma ko yau aka maimaita zan sake yi. Ya yi ɗan murmushi ya ce Mma ba ta taɓa aiko masa da irin wannan saƙo ba tun da aka haife shi, in daina sa mata magana a baki. Ka ji fa. Ita ba za ta faɗa ba don shi ɗan fari ne, shi kuma ba zai yarda ba sai ta faɗa. Ni ina tsakiya kamar tsumman goge tukunya.

Abin da ya fi ba ni haushi, daga Yendi zuwa Salaga ba wata tafiya ba ce, sammako ɗaya ne. Amma ya daina zuwa. Yana aika buhun shinkafa da mai da sabulu ta hannun direbobi, shi kuwa ya ce ba zai tsaya a gaban Iya ba sai da motar da kuma Mma a ciki. Na san dalili. Iya ce kaɗai a duniya take iya kama kunnensa ta murɗe, da gemunsa da komai, kuma ya san tambayar da za ta fara yi masa.

Sau ɗaya ya zo Bawku a wannan tsakanin. Ya zauna a tabarma a bakin ƙofa, suka gaisa, ita tana kallon bango shi yana kallon ƙasa. Lafiya lau, lafiya lau. Ya miƙo mini wayarsa da hotunan motoci ya ce in nuna mata ta zaɓi wadda ta kwanta mata. Ko kallon wayar ba ta yi ba, ta ce duk wadda Allah ya zaɓa ita ce alheri. Ya ji daɗin wannan amsa ƙwarai, ya ce ka ji manya. Ni kuwa na tsaya a tsakaninsu na zazzage abin da ke cikina. Na ce tsohuwa tana can hankalinta yana tsiyayewa kamar tulu mai huda, ku kuna nan kuna wa juna kara. Mma ta ce in fita mata daga ɗaki. Yaya ya ce auta dai ba ta girma. Da daddare ban ci tuwo ba, su kuwa kowa ya ci nasa.

Sai kuma garinmu ya sake rikicewa da faɗan ƙabilanci, aka sa dokar hana fita, hanya ta zama sai da addu'a. Wannan ba laifin kowa ba ne a gidanmu, amma ya ci nasa rabon lokacin. Azumi ya zo ya wuce. Babbar Sallah ta zagayo, Yaya ya aiko da rago bai zo ba.

Sai bayan an fara girbi ya kira ni. An samu farar, irin waccan sak, ya biya. Kuɗin da ya bayar ya fi wanda ya ƙi bayarwa a bara nesa, amma ban tanka ba, murna ta hana ni. Gaskiya ɗaya kuma zan faɗa, bai yi zaɓen banza ba. Motar nan tana nan har yau, ta sha hanyar Karaga da ta Chereponi ba adadi, ban taɓa jin ta kwana a daji ba, dillalai har gida suke biyo shi ko zai sayar. Ta abokinsa ja ma tana nan tana yawo, mai ruwan tokar ma na sha ganin irinta a hanyar Gushegu cike da mutane. Da kowacce ya ɗauka da ta kai mu.

Na ce to yaushe za mu tafi, jibi? Ya yi gyaran murya. Ya ce akwai ɗan abu kaɗan. A ƙasar nan lambar mota tana ɗauke da shekarar da aka yi mata rajista, ɓaro-ɓaro a ƙarshenta, kowa yana gani. In ya yi mata lamba yanzu, shekara ta kusa ƙarewa, nan da 'yan makonni za ta zama motar bara, ranar sayarwa kuma da wannan lambar za a yi masa ciniki. In ya ɗan haƙura aka shiga Janairu, sai ta ɗauki lambar sabuwar shekara. Kowa haka yake yi, in ji shi, wawa ne kaɗai ke yin rajista a ƙarshen shekara. Da lambar wucin gadi ta dillalai kuma ba zai ɗauki Mma doguwar tafiya ba, 'yan sanda su yi ta tsare su a rana a kowane shinge.

Ban san lokacin da na fara kuka a wayar ba. Na ce motar da ko hawanta ba a yi ba har ka fara lissafin ranar sayar da ita? Ya ce saura ƙiris, wanda ya jira shekara ai ba zai kasa jiran wannan ba. Da na kai albasa Yendi na gan ta a tsakar gidansa, an lulluɓe ta da tamfol, an sa duwatsu a gefe kada iska ta yaye. Kowace safiya sai ya buɗe ya tayar da ita ta yi ɗumi, ya goge gilashi, ya mayar da tamfol. Yaran gidan ko taɓa ta ba sa yi.

A cikin waɗannan makonnin ne zazzaɓi mai zafi ya kwantar da Iya. Amarya ta kira ta ce an kai ta asibiti, daga baya ta ce an sallamo su, jiki ya yi sauƙi, tana cin abinci. Na tambaye ta hankalin fa. Ta ce, ku dai zo.

Janairu ya kama, aka yi lamba, malamai suka yi addu'a, aka raba sadaka. Yaya ya zo Bawku ya ɗauke mu. Na taimaka wa Mma ta hau, ta zaɓi kujerar da ke bayansa daidai, inda ba za su haɗa ido ba, shi kuma ya karkatar da madubin. Motar ta yi daɗi, ba zan yi mata ƙarya ba. Muka gangara Nakpanduri kamar a kan katifa, sanyi yana busawa, Mma har barci ta yi, ƙugunta bai ce mata komai ba. Muka kwana a Yendi, da sassafe muka wuce. Daga Bimbila Mma ta farka sosai, ta fara nuna mini wurare a hankali, nan ne mota ta taɓa lalace musu, can ne ake sayar da doya mai kyau. Ta gyara ɗaurin kallabinta ban san sau nawa ba.

Kafin azahar muka tsaya a ƙofar gidan. Yaran unguwa suka kewaye motar. Iya tana zaune a tabarma a inuwar ɗakinta, da faranti a cinya tana ɓarar gyaɗa. Ta rame, amma fes da ita, an yi mata kitso. Mma ta saki hannuna, ta taka da kanta, ta durƙusa a gabanta da wannan ƙugun nata, ta ce, "Iya, ga ni na zo."

Iya ta ɗago ta dube ta da fara'a. Ta ce maraba, maraba, sannu da hanya, a kawo wa baƙuwa ruwa. Ta tambaye ta daga ina. Mma ta ce daga Bawku. Sai fuskar Iya ta haskaka, ta ce ai tana da ƙanwa a Bawku, ko ta san ta? Wata 'yar siririya, mai saurin kuka, ba ta cin kuɓewa. Mma ta ce ai ita ce, Iya, ki dube ni da kyau. Iya ta yi dariya ta dafa kafaɗarta ta ce a'a, baiwar Allah, ke ai tsohuwa ce.

Yaya yana tsaye a bayanmu da makullin mota a hannu. Ya matso ya tsuguna ya gaishe ta da irin sunan da yake kiranta tun yana yaro. Ta amsa da mutunci, ta juya ta ce wa Amarya a zuba wa direban baƙi abinci, ya sha hanya. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya tashi ya fita. Da na leƙa na gan shi zaune a cikin motar, ƙofa a buɗe, mazan unguwa sun kewaye shi suna shafa ta, suna tambayar nawa ya saya, suna ce masa Alhaji ka iya zaɓe, ga ta kuma da lambar bana. Yana gyaɗa musu kai.

Amarya ta ja ni gefe ta ce kafin zazzaɓin nan, ko da rana ta rikice, da safe sai ta tambayi labarin Mma da sunanta, ta tambayi Yaya, har ni. Tun da ta tashi daga ciwon shi ke nan. Ban gaya wa kowa wannan ba a lokacin, ban ga amfanin faɗa ba.

Mun yi kwanaki a Salaga. Mma ta kwana a ɗakin Iya, ta yi mata wanka, ta ba ta abinci a baki, ta yi ta jawo mata tsofaffin labarai ko wani zai kama. Iya tana jin daɗinta ƙwarai, tana ce wa Amarya wannan baƙuwa akwai kirki. Kowace safiya sai ta sake tambayarta daga ina. Tun Mma tana cewa ni ce har ta daina, ta koma cewa daga Bawku kawai.

Ranar da za mu tafi Iya ta ce sai ta raka baƙuwarta ƙofar gida. Muka riƙo ta a hankali har zaure. Yaya ya riga ya juyo da motar, yana tsaye ya buɗe ƙofar baya yana jira. Iya ko kallon motar ba ta yi ba. Ta kama hannun Mma da hannayenta biyu, ta rage murya kamar mai roƙon alfarma.

"Baiwar Allah, in kin koma, don Allah ki nemi ƙanwata. An ce ɗanta zai sayi mota ya kawo ta. Ki ce mata ta daina jira, ta taho ko a bayan motar gawayi ne. Ki ce na gaji."

Mma ta ce, "To, Iya. Zan faɗa mata."

Iya ta sa mata albarka, ta saki hannunta, ta ce wa Amarya ta mayar da ita ciki rana ta yi zafi. Yaya yana riƙe da ƙofar motar, duk a kunnensa aka yi.